Neman shawara: yaya zan samu malamin fiyano da zai kai ni ga kiɗan da nake buri?

Mai tambaya, daga Abuja:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ma'aikacin gwamnati ne, shekaruna sun haura arba'in, kuma na daɗe da sha'awar koyon fiyano, ba don in zama makaɗin biki ko na taro ba. Burina takamaimai ne: ina so in iya kaɗa kiɗan fiyano da ake kira Nocturne na biyu a cikin Opus 9 (lambar jerin ayyuka) na mawallafin kiɗa Chopin, da wasu daga cikin gajerun kaɗe-kaɗen mawallafin kiɗa Bach guda 15 da ake kira Inventions. Malaman da na samu zuwa yanzu kashi biyu ne. Wasu gwanaye ne wajen kiɗa da kunne amma ba sa koyar da karanta rubutun kiɗa, wasu kuma sun saba da yara, sai su ɗora ni a kan littafin 'yan shekara bakwai ba tare da sun tambayi inda na dosa ba. Yaya zan gane malamin da ya dace, kuma shin burin nan ya fi ƙarfin mai shekaruna?

Wata malamar kiɗa, daga Jos:

Wa'alaikumus salam, Yallaɓai. Burin bai fi ƙarfinka ba, sai dai ka sani cewa aikin shekaru ne, ba na watanni ba. Wahalar Nocturne ɗin tana hannun hagu, wanda ke tsalle daga sautin ƙasa zuwa na tsakiya ba tare da ido ya taimaka masa sosai ba, yayin da hannun dama ke jan waƙar da adon da ke buƙatar yatsu masu laushi, ga kuma aikin feda, wato abin da ake takawa da ƙafa don sauti ya daɗe. Bach kuwa yana so kowane hannu ya rera tasa muryar dabam, abin da ke ba manya wuya fiye da yadda suke zato.

Saboda haka, a zaman farko ka faɗa wa malami sunayen kaɗe-kaɗen nan, sannan ka tambaye shi ta wace hanya zai kai ka. Wanda ya san aikinsa zai lissafa maka matakai, wataƙila ƙananan kaɗe-kaɗen littafin Anna Magdalena Bach na 1725, sannan darussa 25 na Burgmüller, sannan Sonatina shida na Clementi, kafin ka taɓa Prelude na huɗu a cikin Opus 28 na Chopin, wanda ya fi Nocturne sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda ya ce zai koya maka Nocturne ɗin cikin wata uku, haddar motsin yatsu zai ba ka, kuma ranar da ka manta layi ɗaya ba za ka iya komawa takarda ka nemo shi ba. Ka kuma roƙi malamin ya kaɗa maka wani abu daga rubutu a gabanka. Babu rashin ladabi a wannan.

Wani ɗan'uwa, daga Kaduna:

Malam, ina ƙara da cewa ka nemi wanda ya taɓa shirya ɗalibai don jarrabawar ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Landan mai matakai daga 1 zuwa 8, ko wanda ya yi karatu a makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan a Legas. Takarda ba ita ce komai ba, amma tana nuna cewa mutum ya bi ta rubutun kiɗa da tsari.

Malamar Jos ta sake cewa:

Na yarda a duba takardun malami, amma ban ga dalilin da zai sa Yallaɓai ya ɗora wa kansa jarrabawa ba. Mutumin da ke da aiki da iyali, idan aka ɗaure shi ga kaɗe-kaɗe uku na manhaja shekara guda, sha'awar da ta kawo shi takan dushe.

Wata 'yar'uwa, daga Kano:

Yaya, ni ma da girmana na fara, kuma da na rasa malami a kusa sai na koma darasi ta intanet. Yana aiki idan ka ajiye waya a gefe yadda malami zai ga wuyan hannunka da zamanka, amma jinkirin sauti yana hana ku kaɗawa tare, don haka lokaci zuwa lokaci ka samu mai duba ka ido da ido. Kafin ma ka biya kuɗin darasi, ka duba abin da kake koyo a kai. Ƙaramin kibod mai maɓallai 61 marasa nauyi ba zai koya wa yatsunka sarrafa ƙarfin sauti ba, kuma Chopin ba ya yiwuwa sai da wannan. Ka nemi na lantarki mai maɓallai 88 masu nauyi tare da feda. Ban ba ka shawarar fiyano na katako ba, domin bushewar hunturu tana ɓata masa saiti, masu gyaransa kuma ba su da yawa a Arewa.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Kibod ɗina mai 61 ne, don haka da sauya shi zan fara. Malama, minti nawa kike ganin ya kamata in ware wa atisaye a kowace rana, tun da sai bayan sallar isha'i nake samun sarari?