Na daina cin jibin Ubangiji saboda Zabura 119:155, ina neman shawara

Mai tambaya: Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. An haife ni a gidan masu bi, mahaifina mai bishara ne da ya yi aiki a ƙauyuka har ƙarfinsa ya ƙare, kuma ni ne na ɗauki nauyin ƙannena bayan rasuwarsa, shi ya sa na shiga sana'ar hatsi. Ina saye a ƙauye da kaka, ina sayarwa a gari da bazara, kuma kamar sauran abokan sana'a ina da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Kwanan baya na karanta Zabura 119:155, inda aka ce ceto yana nesa da mugaye domin ba sa neman ƙa'idodin Allah, tun daga ranar ban ƙara kusantar teburin Ubangiji ba. Matata tana tambaya, ban ba ta amsa ba. Shin baftismata da bangaskiyata sun tashi a banza ke nan?

Dattijon ikilisiya: Ɗana, kwantar da hankalinka. Afisawa 2:8-9 ta yanke magana, cewa ta wurin alheri aka cece mu ta hanyar bangaskiya, ba ta ayyuka ba, domin kada kowa ya yi fariya. Romawa 3:28 ma haka ta ce. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu bai sauko ya mayar da abin da ya sata ba, amma an yi masa alkawarin Firdausi a ranar. A kan wannan gaskiyar ce Martin Luther, malamin da ya jagoranci gyaran ikilisiya a Jamus, ya tsaya tun 1517. Ka koma teburin Ubangiji ranar Lahadi.

Uwar zumunta: Baba Dattijo, ku yi haƙuri, amma ba ku taɓo mudun ba. Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Mu ne muke sayen tiya mu kai gida mu tarar ba ta cika ba, kuma abin da ya fi ciwo shi ne wanda ya tauye mini awo bara yana jagorantar addu'a a majami'armu.

Wani ɗan Katolika: Yakubu 2:26 ta ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce, kuma Yesu ya ce a Yohanna 14:15 mai ƙaunarsa zai kiyaye umarnansa. Rabuwar da ke tsakanin Katolika da mabiyan Luther ma ba ta kai yadda Baba ya nuna ba, domin a 1999 a Augsburg ta Jamus, Katolika da Lutheran sun sa hannu a kan cewa alheri ne yake ceto, kuma Ruhu Mai Tsarki yana kiran wanda aka ceta zuwa ayyuka nagari. A wurinmu za ka yi ikirari, ka mayar da haƙƙin mutane, sannan ka karɓi jibi.

Dattijon ikilisiya: Ayyuka 'ya'yan itace ne, ba saiwa ba. Ku duba Luka 19 da kyau: Yesu ne ya fara shiga gidan Zakka mai karɓar haraji, bayan haka ne Zakka ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa da rama ninki huɗu ga wanda ya zalunta. Mugayen da Zabura take nufi su ne waɗanda ba sa neman umarnan ko kaɗan, wanda kuwa aya ɗaya ta hana shi barci yana cikin masu nema. Na daɗe ina koyar da ajin baftisma, na san abin da nake faɗa.

Mai tambaya: Na gode Baba. Mama, ina roƙo ki fahimce ni, ban ƙirƙiro wannan ba, haka kasuwar take, kuma manoman ma suna zuba ƙasa da ƙaiƙayi a buhu. Idan na auna da mudu ɗaya, kuɗin mota da na ɗan dako za su cinye ribar, ga kuɗin makarantar yara. Zakka yana da dukiyar da zai raba, ni bashi ne a kaina. Ina fitar da ushirina ba fashi.

Uwar zumunta: Ɗana, ushirin da aka fitar daga tauyayyen awo ba ya cika tukunyar gwauruwar da aka tauye wa. Ka ƙara farashi a fili, ka bar mudun a cike. Har yanzu ba ka gaya mana ko ka ajiye ƙaramin mudun ba.

Dattijon ikilisiya: Kada a ɗora masa nauyin shari'a yana cikin damuwa. Ya je ya ga fastonsa kawai.

Mai tambaya: Baba, fastonmu yana cikin masu sayen masara a wurina, ban san ta inda zan fara masa maganar ba.