Buhun ragowar ƙyalle: aikin wa zan duba?

Sabuwar Tela: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ɗinkin Sallah ya bar mani buhu guda na guntayen atamfa da shadda da leshi a shagona, nan Ƙofar Ƙaura. Ba na son in zubar, kuma na gaji da ɗinkin da kowa ke yi. Don Allah aikin wa zan duba in samu basira?

Maman Biyu: Wa alaikis salam. Fara da na gida. Ki nemi Lisa Folawiyo ta Legas a Instagram. Lauya ta karanta, ta shiga harkar ɗinki a 2005. Atamfar nan da muka sani take ɗauka, a bi zanenta da duwatsu da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Kallon aikinta ya sa na fara yanko furen atamfa in ɗora shi a kafaɗar baƙar abaya. Guntun da bai kai tafin hannu ba ya isa.

Anti Mai Abaya: In maganar tsofaffin kaya ce, ki duba Martin Margiela, mutumin Beljiyam. Ya taɓa farke safar sojoji ya haɗa rigar sanyi da su, ya yi wata da safar hannu zalla. Da yawan kayanshi ba irin namu ba ne, ba za ki fita da su unguwa ba. Amma ki lura da yadda yake barin ɗinki a waje maimakon ya ɓoye shi. Na gwada haka a jakar Islamiyya ta yara, da jan zare mai kauri a kan shuɗiyar shadda, iyaye suka yi ta tambaya.

Sabuwar Tela: Anti, bakin ba ya zarewa?

Anti Mai Abaya: Ki bi shi da zigzag sau biyu kafin ki haɗa.

Baba Tela: Ɗiyata, haɗa ƙyalle ba baƙon abu ba ne wurinmu. Ki samu tsohuwar babbar riga ta saƙi, irin wadda ake fitowa da ita ranar hawa, ki juya cikinta. Siraran saƙa ne aka jera aka ɗinke, kafin a zo ga adon aska takwas ɗin da ke gaba. Abin da zan ja maki kunne a kai shi ne wanki. Ki jiƙa kowane ƙyalle daban, ki shanya, ki goge, sannan ki yanka. Wata shaddar tana zuba, wata atamfar tana tsukewa in ta sha ruwa. Kika haɗa su a bushe, wankin farko rigar za ta karkace, farin ya rine. Kuma leshi ba ya ɗaukar nauyin shadda, sai kin sa mashi shafi.

Maman Biyu: Gaskiya ne Baba, Allah ya ƙara girma.

Ɗalibar Batagarawa: Ni Issey Miyake na Japan ne ya tsaya mani a rai, wanda ya rasu a 2022. Kayanshi masu tattara, Pleats Please, sun fito a 1993. Sai an gama ɗinka rigar da girma sosai, sannan a sa ta tsakanin takardu a matse da zafi. Yadin roba yake amfani da shi, shi ya sa ninkin ke zama ko an wanke. Atamfa auduga ce, ba ta riƙewa, sai dai ki taka kowane ninki da keke. A Japan ɗin kuma akwai boro, facin da manoma ke yi wa kayansu masu rinin baba, da ɗinkin hannu ƙanana a jere da farin zare. Ba ya buƙatar keke ko wuta.

Anti Mai Abaya: Kar a manta da Alphadi na Nijar, wanda ya fara FIMA, bikin baje kolin ɗinkin Afirka, a hamada kusa da Agadas a 1998. Shi ya fi kusa da idonmu, don aikin fata da azurfa na Buzaye yana shiga kayanshi.

Sabuwar Tela: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan fara da rigar filo da jaka kafin in taɓa rigar mutane. Baba, gobe in Allah ya kai mu zan turo hoton ƙyallayen bayan na jiƙa su, ka duba mani waɗanda za su zauna tare.

Baba Tela: Turo. Ki ɗauka da rana a tsakar gida, hasken fitila yana canza kala.