Neman shawara: tafiya da iyali daga Garwa zuwa bakin teku

Mai tambaya, daga Garwa a arewacin Kamaru:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da niyyar ɗaukar iyalina, har da mahaifiyata da ta manyanta, mu tafi Kudu a hutun makaranta na ƙarshen Disamba, domin yara su ga teku da idanunsu. Burina mu sauka a Kiribi, mu shiga gandun dajin Kampo-Ma'an da ke kan iyakar Ikwatoriyal Gini, a dawowa kuma mu tsaya Duwala mu ga tsohon gidan Sarki Bell. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mota zan ɗauka ko jirgin ƙasa, kuma dajin zai yiwu da tsohuwa da ƙananan yara?

Direba, daga Ngaundere:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Lokacin da kuka zaɓa ya yi daidai, domin daga Disamba zuwa Fabrairu ne ruwan sama yake ɗagawa a can. In da mota ne, sai an duba birki da tayoyi tun a gida saboda hawan dutsen Mbe, sannan ku bi ta Maiganga, Garwa-Bulai da Bartuwa zuwa Yawunde, kada kuma dare ya same ku a hanya tsakanin manyan motocin katako. Da Hajiya a ciki, ni dai shawarata ku ajiye motar a Ngaundere, ku kama ɗaki mai gado a jirgin Camrail wanda yake kwana a hanya, da safe ku sauka Yawunde ku nemi motar Kiribi ta Edeya. Ku riƙe katin ɗan ƙasa da takardun haihuwar yara, domin jandarmomi suna tambaya.

Hajiya, mazauniyar Kiribi:
Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alherin da za ka yi wa Inna, amma kada ka shigar da ita gandun dajin Kampo-Ma'an. An kafa shi a shekarar 2000, ya haura hekta 260,000, kuma kurmi ne mai duhu, ba irin gandun dajin Waza ba inda mutum yake zaune a mota yana kallon raƙumin dawa. Giwaye da goggon biri suna nan, sai dai kafin a gan su sai an bi ɗan jagora an yi doguwar tafiya a ƙasa cikin laka da cizon ƙwari. Kai da manyan yara ku shiga, ita da ƙanana su tsaya a Lobe, kudu kaɗan da gari, inda kogi yake gangarowa daga kan duwatsu yana zubawa kai tsaye cikin teku, masunta na gasa jatan lande a bakin yashi. A ƙauyen Eboje, kan hanyar Kampo, kunkurun teku yana fitowa yin ƙwai a wannan lokacin. Ina roƙonka ka riƙe hannun yara a bakin ruwa, domin igiyar teku tana janye yashi daga ƙarƙashin ƙafa, yaron da ya saba da Binuwai kuwa bai san wannan ba. Ku taho da gidan sauro.

Malamin makaranta, daga Marwa:
Alhaji, gidan Sarki Bell yana unguwar Bonanjo a Duwala, ana kiransa La Pagode, an gina shi a 1905 domin Sarki Manga Ndumbe Bell. Kafin ku isa, a ba yara labarin ɗansa Rudolf Duala Manga Bell, wanda Jamusawa suka rataye ranar 8 ga Agusta 1914 saboda ya ƙi yarda a ƙwace filayen mutanensa na bakin kogin Wuri. Ku nemi izini kafin ɗaukar hoto, masauki kuwa ku neme shi a unguwar New Bell, inda 'yan'uwanmu, masallatai da abincin halal suke.