Keken yaro ne fa kawai, me masana suka gani a jikinsa?

Sabuwar Hannu:
Assalamu alaikum. Don Allah masu ilimin hoto ku fitar da ni daga duhu. Shekara biyu ina koyo, kullum ina farautar faɗuwar rana da furanni. Jiya na ci karo da hoton da William Eggleston, wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, ya ɗauka na wani tsohon keken yara mai ƙafa uku, mariƙinsa duk tsatsa, a bakin titi a birnin Memphis na Amurka. A 2012 an sayar da kwafinsa dala 578,500. Abin ya tsaya min a rai. Me ke cikinsa da idona ya kasa gani?

Tsohon Mai Kamara:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Koma ki duba daga inda aka ɗauka. Kamarar tana dab da ƙasa, har keken ya kere gidajen da ke bayansa, ta ƙarƙashinsa ma kina hango mota 'yar mitsitsiya. Haka yaro mai rarrafe yake ganin duniya. Faɗuwar rana ita ke yi miki rabin aikin. Keke mai tsatsa kuwa ba ya taimakon kowa, sai idon mai ɗauka. Kuma ba da tafi aka karɓe shi ba. Da MoMA, gidan baje kolin zane-zane na New York, ya baje hotunan Eggleston a 1976, masu sharhi sun yi masa ca, don a lokacin hoto mai kala na 'yan talla ne.

Mai Shakka:
Baba, a yi haƙuri, akwai hannun kasuwa. Hoton Rhein II na Andreas Gursky, mai ɗaukar hoto Bajamushe, kogi ne da ciyawa da sararin sama, har masana'antar da ke wurin ya goge da kwamfuta. An sayar da shi dala miliyan 4.3 a 2011. Kwafi shida ne kacal, faɗinsa ya haura mita uku. Suna da ƙarancin kaya ake saye.

Malama Mai Zane:
Farashi daban, yabo daban, ɗan'uwa. Malaman Gursky ɗin, Bernd da Hilla Becher, sun haura shekara 40 suna ɗaukar tankunan ruwa da masana'antu, kullum gaba da gaba, ƙarƙashin sama mai hazo. Tanki ɗaya ba komai ba ne. Jera tara a bango, sai ki ga kowanne da kamanninsa, kamar 'yan gida ɗaya. Da yawansu an rushe su yanzu, hoton ne ya rage.

Sabuwar Hannu:
Na gode ƙwarai. Ɗazu na kwanta rub da ciki na ɗauki takalmin ɗana a bakin ƙofa. Sai yau na lura dunduniyar hagu ta fi cinyewa.