Kamfanin da na yi wa aiki ya rufe, yanzu ana neman takardar shaida a wurina

Salam jama'a, don Allah ina neman shawara, abin nan ya tsaya min a rai sati 2 kenan. Na yi shekara 6 ina sitokipa a wani kamfani, ni ke karɓar kaya in ƙirga in shigar a littafi, daga baya ma har a kwamfuta nake shigarwa. To kamfanin ya rufe, aka sallame mu da baki kawai, ko takarda ɗaya ba a ba mu ba, ni kuma lokacin hankalina na kan kuɗin sallama ban ma yi tunanin nema ba. Bayan nan na koma gyaran waya shekara 2.

Yanzu na samu wani wuri, na yi intabiyu sun yaba, amma sun ce sai na kawo takarda daga tsohon wurin aikina kafin ƙarshen wata. Ofishin babu shi, lambar manajanmu ba ta shiga, na neme shi a Facebook shiru. Abin da ke hannuna tsohon katin shaidar ma'aikaci ne da sitatimen na banki mai nuna albashi yana shigowa duk wata da sunan kamfanin. Akwai kuma wanda yake sama da ni a sito, ya ce zai rubuta min, amma ba hatimi ba takarda mai kan kamfani.

Wani ya ce in buga ta bogi, wallahi ba zan iya ba. Masu ɗaukar ma'aikata a cikinku, waɗannan za su wadatar? Ko in je kotu in yi takardar rantsuwa in haɗa? Kuma gyaran wayar in faɗa musu ko in yi shiru?