Kiwo ne ke riƙe da Mongoliya cikin talauci, ko kuwa?

Malam Sani: Assalamu alaikum. Ni dai a ganina kiwo ne ya daure mutanen Mongoliya cikin talauci. Ƙasar da mutanenta wajen miliyan 3.5 ne kawai, ga jan ƙarfe, ga zinariya, ga kwal. A 2011 tattalin arzikinsu ya haɓaka da fiye da kashi 17 cikin ɗari albarkacin ma'adinai. Makiyayi ya sayar da garke ya kama aikin albashi, shi ke nan.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam Sani, aikin yana ina? Ma'adinai su ne kusan duk abin da suke fitarwa waje, akasari zuwa Sin, amma masu aiki a ramukan ba su kai ko kashi 10 na ma'aikatan ƙasar ba. Injina ne ke haƙa. Shekara 11 bayan wannan haɓakar da kake faɗa, a 2022, kusan kashi 27 na jama'a suna ƙasa da layin talauci. A 2017 ma sai da suka je wa Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, da ƙoƙon bara.

Malam Sani: Hajiya, ai a Oyu Tolgoi, babbar mahaƙar jan ƙarfe da zinariya ta ƙasar, sai 2023 aka fara fito da ma'adinai daga ƙarƙashin ƙasa. A ba shi lokaci. Gwamnati na da kashi 34 na mahaƙar, kamfanin haƙar ma'adinai na Rio Tinto na da 66.

Usman: Yaya Sani, ka bar ni in shigo. Abin da ya fi damuna shi ne ka ɗauka makiyayin ne ya zaɓi zama ko tafiya. Akwai abin da suke kira dzud: a yi fari da damina ciyawa ba ta fito ba, sai sanyin hunturu ya sauko har digiri 40 ƙasa da sifili, ƙanƙara ta daskare bisa ɗan abin da ya rage, dabba ta tona da kofato har ya yi jini ba ta kai ga ciyawa ba. Mutum zai kwashe 'yan raguna ya shigar cikin tantinsa kusa da murhu, ya lulluɓe maruƙa da bargo, da safe ya fito ya tarar da gawarwaki jibge a bakin garke. A hunturun 2023 zuwa 2024 dabbobi fiye da miliyan 7 suka mutu haka. Wanda ya rasa komai a dare 'yan kaɗan, me zai sayar?

Hajiya Rabi: Kuma ka bi shi birnin ka gani. Kusan rabin mutanen ƙasar a Ulan Bator, babban birnin, suke. Baƙon ya kafa tantin nan nasa, ger, a gangaren dutse bayan gari, ba famfo ba magudana. Yara ke tura jarkoki a kura su sayo ruwa a rumfa, a ƙona kwal don kada a daskare, hayaƙin ya cika ƙirjin jarirai. Ya iya tumaki da dawakai da raƙuma, amma wa zai ɗauke shi a ofis? Wasu su faɗa haƙar zinariya ta hannu, ana ce musu ninja, wasu su tafi Koriya ta Kudu leburanci. Mu ma ai mun ga Bafulatanin da shanunsa suka ƙare ya koma gadi.

Malam Sani: To amma ku yarda kiwon ma ya yi yawa. Wajen 1990 dabbobin miliyan 25 ne, a 2019 sun kai miliyan 70. Awakin da ake tsefewa don gashin kashmiya suna cinye ciyawa har saiwa.

Usman: Wannan na yarda. Bayan faɗuwar kwaminisanci aka rushe ƙungiyoyin kiwo na haɗin gwiwa da ake kira negdel, suka tafi da ajiyar harawa da likitan dabbobi da gyaran rijiyoyi. Kowa ya koma tara garke, don shi ne asusunsa. A maido da ajiyar harawa, a riƙa saƙa kashmiyar a gida maimakon a kai wa Sin ɗanye, nan aikin yi yake.

Malam Sani: Da wane kuɗi? Da na ma'adinan dai.

Hajiya Rabi: In ya iso. A Disamban 2022 matasa sun kwana a dandalin Sukhbaatar da ke Ulan Bator cikin wannan sanyin, suna tambayar inda kuɗin kwal ɗin da aka kai Sin ya shiga.