Sikirin ɗin laftof ɗina ya ɗauke amma injin yana aiki, TV za ta iya maye gurbinsa?

Ɗan_Kurna:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah masana kwamfuta ku taimaka. Laftof ɗina irin tokumbo ne inci 14, da farko sikirin ɗin ya fara ƙyaftawa sai na ɗan sunkuyar da murfin ya dawo daidai, yanzu kuma gaba ɗaya ya yi baƙi ƙirin amma ina jin fanka na juyawa kuma fitilar gaba tana ci. Na so in jona shi da TV ɗin gida saboda ina da aikin makaranta a ciki, sai wayar HDMI ta ƙi shiga ramin gefe duk da kamarsu ɗaya. Sikirin ne ya mutu ko bod ne, wato babban allon cikin injin da komai ke jone a kai? kar in je a ce min bod alhali ƙaramin abu ne.

Injiniya_Sabo:
Wa alaikumussalam. Kafin ka kai wa kowa yi wannan gwajin, ba ya cin ko sisi. Kunna shi ka bari ya gama tashi, sai ka danna Caps Lock ka ga ko 'yar fitilarsa na kunnuwa tana mutuwa, in tana yi to injin lafiya lau. Sannan ka kashe fitilar ɗaki ka haska tocilar waya dab da sikirin ɗin ta gefe, ka zuba ido sosai. In ka hango hoto dishi-dishi kamar inuwa, to hasken bayan sikirin ne kawai ya tafi, hoton na nan.

Amma ni abin da ka faɗa na murfi shi ya fi ɗaukar hankalina. Akwai wani siririn kebul da ya taso daga bod ya bi ta cikin hinjin murfi ya je bayan sikirin, kullum ana buɗewa ana rufewa yana lanƙwasa har ya fara tsinkewa daga ciki ko ya zame daga mazauninsa, shi ya sa in ka motsa murfi hoto ke dawowa. Sau da yawa shi ne matsalar, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na sabon sikirin ba.

Maman_Ilham:
Malam wancan ramin ba HDMI ba ne wallahi, DisplayPort ne, duba da kyau za ka ga kusurwa ɗaya ce kawai a yanke, shi kuwa HDMI duka biyun ƙasa ne. Irin laftof ɗin ofis ɗin nan da yawa haka suke, misali EliteBook 840 G3 DisplayPort gare shi da VGA, babu HDMI sam. Kar ka tura da ƙarfi ka ɓata ramin. Ka nemi adafta DisplayPort zuwa HDMI, kuma ka faɗa wa mai shago daga laftof za ta je TV don hanya ɗaya take aiki, in ka ɗauko ta juyin ba abin da za ka gani. In TV ɗin na da VGA, mai huji 15 ɗin nan, shi ma zai yi sai dai ba ya ɗaukar sauti.

Ɗan_Kurna:
Allah ya saka da alheri. Na yi na tocila kuma na hango hoton shiga Windows can-can. Na aro wayar VGA wajen maƙwabci na jona amma TV na cewa no signal, ko akwai abin da zan danna ne?

Injiniya_Sabo:
Fara da rimot tukuna, ka canza source zuwa PC ko VGA, nan mutane suka fi maƙalewa. In har yanzu shiru sai ka danna maɓallin Windows da P tare, jerin zaɓi 4 ne ke fitowa, PC screen only, Duplicate, Extend, Second screen only, tunda ba ka gani sosai yi amfani da tocilar ka sauka kan Duplicate ka danna Enter. Ka guji Extend yanzu, don zai bar maka komai a mataccen sikirin ka ga TV fayau ba ko ayikon. Windows da Ctrl da Shift da B kuma yana sake tayar da dirayban hoto, wato manhajar da ke tura hoto zuwa sikirin, za ka ji ƙara ɗis.

Batun gyara kuwa, tunda hoto na nan abu uku ne, kebul ko fitilun sikirin ko wani ɗan fiyus na haske a kan bod. Ka tsaya a gaban mai gyara ya cire batir kafin ya taɓa kebul ɗin, ko da injin a kashe yake akwai wuta a layin, nan ne fiyus ɗin ke ƙonewa. Kuma ya gwada da wani sikirin kafin ka biya. In ta kama a canza sikirin, lambar da ke manne a bayan tsohon za a bi, a duba fin (ƙananan haƙoran mahaɗin kebul ɗin) 30 ne ko 40, girman inci kaɗai bai isa ba.

Abu_Hanan:
Ni dai shawarata in ba yawo kake da shi ba ka bar gyaran har ka samu kuɗi, ka leƙa kasuwar Beirut Road ko Farm Centre a Kano ka samu monita tokumbo da kibod da linzami, zama ya fi daɗi ma. Shiga Control Panel, Power Options, wajen abin da rufe murfi zai yi ka zaɓi Do nothing, sai ka rufe shi ka ci gaba da aiki. Sai dai kar ka ɗora shi kan katifa a rufe da zafin nan, kuma ka tuna in an ɗauke wuta monita ta mutu ko da batirin laftof cike yake.